Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen kai manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki kan Windows

Na gaji da ganin ƙannenmu na nan Kaduna suna faɗawa rami ɗaya. Yaro zai gina manhajarsa a Linux a kan SWORD, injin karanta fassarorin Littafi Mai Tsarki na ƙungiyar CrossWire, wanda manhajojin Xiphos da BibleTime ma suke amfani da shi, sai fasto ya ce shi fa Windows ce a kwamfutarsa. Ya kwana biyu yana fama, taga ta buɗe, ya ce an gama. Ba a gama ba.

Babban ramin shi ne haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Babu su a tsoffin tsare-tsaren ajiye haruffa a kwamfuta: babu su a Latin-1, babu su a Windows-1252. Idan fayil ɗin saiti (.conf) na fassarar da ke cikin foldar mods.d bai ƙunshi layin Encoding=UTF-8 ba, SWORD zai ɗauka Latin-1 ne. Ko ka sa layin, in ka miƙa rubutun ga Windows ta tsofaffin hanyoyinta ba ka juya shi zuwa UTF-16, tsarin haruffan da ita take aiki da shi, ba, sai ya lalace a hanya. Ni wannan ya taɓa kunyata ni a wani nazarin Laraba a Sabon Tasha. An haska 1 Korintiyawa 13 a bango, duk inda ƙauna take sai alamar tambaya ta zauna a mazaunin ƙ. Wata mama ta ce, "Ɗana, wace ce auna?" Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutane sun bar kasuwa da aiki sun zo karanta Maganar Allah, ni kuma na ba su gurguwar aya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne dalilin: da KJV, fassarar Turanci ta King James, kaɗai na yi gwaji. Ku ma haka kuke yi! Turanci ba ya tona wannan ciwo. Don wa kuke yin aikin, in ba don mai karanta Hausa ba? Yanzu ni abu na farko da nake yi shi ne in nemi kalmar ƙauna a akwatin bincike, sannan in ajiye fassarar a folda mai ɗ a sunanta in ga ko za ta buɗe.

Rami na biyu ya ci mini mako guda. Linux ba ta bambanta buɗe fayil a matsayin rubutu da buɗe shi ɗanye, amma Windows tana yi. Ka rubuta fopen, umarnin buɗe fayil, da "r" (rubutu) maimakon "rb" (ɗanye), sai ta riƙa taɓa alamun ƙarshen layi, ta kuma tsaya cak in ta ci karo da bayit 0x1A, wanda take ɗauka ƙarshen fayil ne. Matsattsun fassarori masu tsarin zText na SWORD kuwa ba sa jure a taɓa musu ko da bayit ɗaya. Littafin Farawa zai buɗe lafiya, Zabura ta fito fanko, kai kana can kana zargin fassarar.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kafe ~/.sword, foldar fassarori a Linux, a cikin lambarka, Windows a AppData take ajiya. In daga Windows kake komawa Linux, ka tuna babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a sunan fayil a Linux. Ka haɗa fayilolin DLL da manhajar ke dogaro da su, waɗanda ka samo daga MSYS2 (kayan gina manhaja a Windows), cikin kunshin da za ka raba. Kuma GPL, lasisin SWORD, ta ba ka lambar manhaja ne kawai, nassin fassarar Hausa yana da masu haƙƙinsa, ka nemi izininsu kafin ka cusa shi a filashi kana rabawa.

Wasu sun ce na'urar kwaikwayo, wato Windows da ake kunnawa a cikin Linux, ta isa gwaji. Ni ban yarda ba. Ina da wata tsohuwar laftof ta hannu da ba a taɓa sa mata kayan gina manhaja ba, batirinta ma ba ya riƙe wuta in an ɗauke. Sai kunshin ya buɗe a kanta, ba intanet, Zabura 119 ta fito cif da ƙugiyoyinta, sannan nake kai wa fasto.