Yadda za a ba 'yan haya murya a unguwar zaman haɗin gwiwa

A Denmark aka fara irin wannan zama, inda aka buɗe unguwar Sættedammen a 1972. Kowane iyali da gidansa, amma zaure, ɗakin girki da filin wasan yara na kowa ne, kuma mazauna ke tafiyar da al'amuransu da kansu. Rigima takan taso idan wasu masu gida ne, wasu 'yan haya. A Amurka akan yi wa yawancin irin waɗannan unguwanni rajista a matsayin ƙungiyar masu gidaje, inda mai takardar mallaka kaɗai ke da ƙuri'a. Ɗan haya zai wanke tukwane ranar girkin taro, ranar yanke shawara kuwa ya zama ɗan kallo.

Da farko a raba shawarwari kashi biyu, a rubuce. Abin da ya shafi dukiya, kamar rancen banki, gyaran rufi da asusun ko-ta-kwana, a bar shi hannun masu gidaje, tunda su ke ɗaukar asara. Amma girki, shara, hayaniyar dare, dabbobi, baƙi da amfani da zaure, duk baligin da ke kwana a unguwar yana da ƙuri'a ɗaya. Shugabannin ƙungiyar kuma su ɗauki alkawari a rubuce cewa za su zartar da abin da taron mazauna ya yanke. Idan ba haka ba, taron hira ce kawai.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsoro. Mutum ba ya musu da wanda zai iya ƙin sabunta masa haya. Saboda haka a sa a yarjejeniyar haya cewa ra'ayin da aka faɗa a taro ba dalilin kora ba ne, kada kuma mai gida ya zauna a kwamitin da ke sauraron ƙarar ɗan hayarsa. A ware wa 'yan haya kujeru biyu a kwamitin gudanarwa, domin mutum ɗaya shiru yake yi.

Kuɗin abinci da na hidima a yi su hawa-hawa gwargwadon samu, ma'aji kaɗai ya san abin da kowa ke biya. Kada a ce marar kuɗi ya biya da ƙarin aiki. Nan da nan zai koma yaron unguwa. Lokacin taro ma a riƙa juya shi saboda masu aikin dare, a kuma samo mai kula da yara.

Misali mai kyau shi ne New Ground da ke Barnet a arewacin Landan, unguwar mata 'yan shekara 50 zuwa sama da aka buɗe a 2016. Gidaje 25 ne, 17 na mallaka, 8 na haya mai rahusa, kuma duka matan mambobin ƙungiya ɗaya ne mai tafiyar da wurin.