Yadda ake haɗa kwasa-kwasai, kari-oba da firojet a shekarar ƙarshe ta jami'a

Yawancin ɗaliban da na ga sun maƙale a ajin ƙarshe ba wuyar karatu ce ta riƙe su ba. Wani ɗan kwas ne mai yunit biyu na aji ɗaya da aka manta da shi, ko sakamakon da aka yi ta cewa "zai fito", ko suna da aka rubuta daban a JAMB daban a makaranta. Ni ma na ɗanɗana. Ana saura 'yan makonni mu shiga jarabawar ƙarshe na gano wani kwas da na rubuta tun ina aji biyu babu maki a gabansa, fili ne fayau. Kwana goma na yi ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin a zaƙulo takardar halartar jarabawa mai ɗauke da sa hannuna. Ba na son kowa ya shiga irin wannan tashin hankali.

Mataki na farko, tun kafin ka taɓa fotal, shi ne ka tattara tarihinka. Fito da takardun rijistar kwasa-kwasanka na kowane zango tun daga aji ɗaya, ka ajiye su gefen sakamakonka da littafin jagoran ɗalibai na sashenku. Ka bi su kwas bayan kwas da biro: wannan na ci, wannan na faɗi na sake, wannan ban ga makinsa ba. Kada ka tsallake kwasa-kwasan gama-gari, waɗanda ake kira GSP a Bayero, GENS a ABU Zariya, domin su ne aka fi rainawa kuma su ne suka fi tsayar da mutum. Idan sashenku na zuwa SIWES, wato horon sanin makamar aiki a ma'aikatu, ka tabbata makinsa ya shiga. Daga nan ka tara yunit ɗin da ka ci. Ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ita ce aƙalla yunit 120 ga digirin shekara huɗu, 90 ga wanda ya shigo aji biyu kai tsaye, amma sashenku na iya neman fiye da haka, don haka adadin da ke cikin littafinku shi ne abin bi.

Da ka gama, ɗauki takardar ka kai wa kodinetan ajinku a makon farko, lokacin da ofis bai cika ba. Ka ce, "Malam, don Allah a duba min ko lissafina ya yi daidai da na sashe." In akwai makin da ya ɓata, rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe a ranar, ka riƙe kwafi mai tambari. Maganar baka a bakin baranda ba ta zama hujja.

Sai rijista, kuma a nan ake yin kuskure mafi tsada. A yawancin jami'o'inmu ba a wuce yunit 24 a zango guda, kuma kari-oba, wato kwasa-kwasan da ka faɗi za ka maimaita, ake fara cikewa kafin sababbin kwasa-kwasai. A ce kwasa-kwasan zangon farko na aji huɗu yunit 18 ne, kai kuma ana bin ka bashin yunit 8. Jimilla 26 ke nan, dole wani abu ya sauka. Matsalar ita ce kwas ɗin zangon farko ba a koyar da shi a zango na biyu, saboda haka in ka ajiye na dole, ka sayi ƙarin shekara. Ka fara ajiye na zaɓi, muddin yunit ɗinka za su cika ba tare da shi ba. In hakan bai warware ba, wasu jami'o'in na ba ɗan ajin ƙarshe damar neman ƙarin 'yan yunit a rubuce. Ka tambaya da wuri, kafin a rufe lokacin ƙari da ragin kwasa-kwasai. Ka kuma tuna akwai iyaka: digirin shekara huɗu galibi ba a wuce shekara shida ana yinsa.

Mataki na uku, takarda ɗaya babba ka manna a bango, ka zuba duk ranakun zangon a kai: rufe rijista, tes, miƙa jinga, miƙa babi, fara jarabawa. Bayan yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai sun ga yadda ake matse zango har tes uku su faɗo mako guda. In laccar kari-oba ta yi karo da ta ajinku, je ka sami malaman biyu tun farko, domin dokar halartar kashi 75 cikin ɗari tana nan, kuma makin tes da jinga kan kai 30 ko 40 cikin 100. Ka nemi lambar kaftin ɗin ajin da kake maimaita kwas da su. Kunyar zama cikin ƙanne ta sa mutane da yawa sun rasa tes.

Firojet kuwa a ba shi haƙƙinsa. A sassa da yawa yunit shida ne. In ka sami A, mai maki 5 a kowane yunit, maki 30 ke nan. In C ce, mai maki 3, 18. Wannan tazarar ta 12 daidai take da ɗaga kwas uku masu yunit biyu daga C zuwa A. Ga wanda CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na duka shekaru, ke lilo kusa da 3.50, inda babbar daraja ta biyu ta fara, ko 2.40, inda ƙaramar daraja ta biyu ta fara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka sa a amince da batunka da wuri, ka zaɓi wanda bayanansa ke kusa da kai, wanda kuɗin mota ba zai gagare ka ba. Ka ware masa safiya biyu a mako, ka gama babi na ɗaya zuwa na uku a zangon farko. Kada ka je wurin malamin da ke duba aikinka hannu rabbana. Ka je da shafuka a buge da gyaran da ya yi a baya, domin ɗalibai da yawa ke kansa, kuma wanda ya fi zuwa da aiki shi ya fi samun kulawa. Duk daren da ka yi rubutu, tura wa kanka kwafi ta imel. Na ga wadda aka sace wa kwamfuta ana saura mako biyu difens, wato kare firojet a gaban malamai, babi huɗu suka tafi. Sayen firojet kuma tarko ne: tambaya biyu a gaban malamai ta isa ta tona asiri.

Na ƙarshe shi ne shirin fita, kuma a zango na biyu ake fara shi, ba bayan jarabawa ba. Shiga shafin JAMB ka duba ko sunanka na cikin jerin ɗaliban da ta amince da shigarsu, domin in ba ya ciki NYSC ba za ta kira ka bautar ƙasa ba. Ka gwada suna da ranar haihuwa a takardun JAMB, WAEC ko NECO da na makaranta, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa. Ka mayar da littattafan laburare, ka haɗa rasiɗan kuɗin makaranta na kowace shekara a fayil guda, ka ɗauki hotonsu a waya, domin ranar kiliyaras, wato tantancewar sallama daga makaranta, za a nemi har na aji ɗaya.