Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Matokarin Sandar Fatsa a Bakin Kogi

Duk wanda ya taɓa ajiye babur a bakin hanya ya taka zuwa gaɓar kogi, ɗauke da sandar fatsa da jaka da gorar ruwa da gwangwanin tana, ya san dalilin da ya sa ake neman matokari mara nauyi. Matokari shi ne abin da ake kafawa a ƙasa a ɗora sanda a kansa, domin hannu ya huta kafin kifi ya ci. A da gwafa ake sara a daji a kafa, yanzu kuwa ana shigo da na ƙarfe iri-iri. Babban kuskuren mai saye shi ne ya auna matokarin a tafin hannunsa cikin shago, ya ji ba nauyi, ya biya kuɗi, alhali bai tambayi kansa irin ƙasar da zai kafa shi a ciki da irin kifin da zai fizge shi ba.

Alminiyom ya fi kowane yawa a kasuwa, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na ƙarfen da ba ya tsatsa idan girmansu ɗaya, amma wanda aka yi da siririn bututu yakan lanƙwashe da zarar an danna shi a busasshiyar ƙasa. Na kabon, wato wanda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe, ya fi shi rashin nauyi, ya kuma fi shi tsada, ba ya lanƙwashewa, sai dai tsagewa yake yi idan aka buga masa dutse a ka, abin da mutane da dama ke yi in ƙasa ta ƙi karɓa. A ganina alminiyom mai kaurin jiki, wanda aka yi wa tsini da ƙarfe, shi ya fi dacewa da mai tafiya a ƙafa.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne rashin kula da gaɓa. Gaɓar Kogin Kaduna da rani rairayi ce da duwatsu, ta Kogin Haɗeja kuwa a wurare da yawa laka ce ta fadama, wadda take laushi kusa da ruwa, ta kuma bushe ta yi tauri idan aka ɗan matsa sama, kuma kowacce da irin matokarin da ke zama a cikinta. Na taɓa kafa gajere, wanda bai wuce santimita 40 ba, a cikin rairayi da yamma, na juya ina neman tana a gwangwani. Ban ji komai ba sai ɗan sautin goge yashi, ina waiwayowa na tarar matokarin ya kwanta, gindin sandar yana jan ƙasa ya nufi ruwa, sai da na shiga har gwiwa kafin na cafko ta, tarwaɗar kuwa ta riga ta tsinke zare. Laifin ba na kifin ba ne, domin abin da ya shiga ƙasa bai kai tsawon tafin hannu ba. A rairayi da laka mai laushi ana bukatar dogo, kamar mita ɗaya ko fiye, a nutsa aƙalla kashi ɗaya bisa uku na tsawonsa, sannan a girgiza shi da hannu a gwada kafin a ɗora sanda. A tsandauri a nemi mai tsinin murɗi irin na sukuru, wanda ake juyawa ya shiga ba tare da duka ba. A kan dutse ko siminti kuwa ba abin da zai kafu, sai mai ƙafa uku, shi ma a rataya masa jakar yashi ko duwatsu a tsakiya, wato a samo nauyin a wurin maimakon a ɗauko shi daga gida.

Akwai kuma masu sayen gajeren teburin nan mai ɗaukar sanduna biyu ko uku a kwance, saboda sun ga Turawa da shi a bidiyo. Mafi yawansu don ruwa mai kwanciya aka yi su, irin tafki da dam. A kogi mai gudu, idan sanda ta kwanta, zare mai yawa ne ke cikin ruwa, sai igiyar ruwa ta ja shi, ciyawa ta maƙale, dalmar da ke nutsar da ƙugiya ta bar inda aka jefa ta. Shi ya sa masu fatsa a kogunan Trent da Severn na Ingila suke ɗaga bakin sanda sama sosai. Gyaran shi ne matokarin gaba, wato wanda ke tallafe sanda ta wajen bakinta, ya zama dogo mai ƙaruwa da raguwa, gindin sanda kuma ya sauka ƙasa.

Wasu don rage kaya sukan tafi da na gaba kaɗai. Ga ƙarfasa hakan zai iya wadatarwa, amma inda ake sa ran babbar tarwaɗa ko giwan ruwa, dole a samu na baya mai bakin roba da ke damƙe gindin sanda, a kuma sassauta birkin manaɗin zare yadda kifi zai ja zare ya bar sanda.

Kan matokari ma abin dubawa ne. Wanda ba shi da ƙaramin tsagi a ƙasan gwafarsa yakan danne zare a ƙarƙashin sanda, kifi ya ji tauri ya saki ƙugiya. Haka nan tiredin da aka saba da shi a kayan fatsa na Ingila, wato murɗin da ake ɗaura kan matokari da shi, shi ne ma'aunin da ake kira 3/8 BSF, amma wasu masu araha ba sa bin wannan ma'auni, don haka a ɗaura kai a jikin matokarin tun a shago, kada sai an je bakin ruwa a tarar ba su dace ba.

Makullin da ke riƙe tsayi shi ne ke fara lalacewa, kuma yashi ne ke cinye shi. A zare ɓangarorin a ɗauraye bayan kowace fita, a bar su su bushe, kuma kada a zuba mai da yawa domin ƙura yake tarawa. Idan hadari ya haɗo a sauke komai a kwantar, domin ƙarfe da kabon duk suna ɗaukar lantarki, haka ma a guji ɗaga sanda a ƙarƙashin wayoyin wuta. Wanda ke fatsa a ƙasan dam irin Shiroro kuma ya riƙa lura da bakin ruwa, domin idan aka saki ruwa gaɓar da ya kafa matokari a kanta takan jiƙe ta yi laushi, sai ya tumɓuke ya koma sama ya sake kafawa.