Kafin ka sayi abin karanta Blu-ray na kwamfuta

Salamu alaikum 'yan uwa. In kallo kawai kake so a laftof, kada ka ɓata sefarka a kan abin karanta faifan Blu-ray. Sa manhajar kallon bidiyo ta VLC, kyauta ce, ka kalli fim ɗin da ka sauke.

Ni sai da na ƙone hannu na gane. Ƙanena ya aiko min faifai biyu, na yi ta yawo a kasuwar Garwa har na samo na'urar, na jona, shiru kake ji. Ashe faifan a kulle yake. Windows 10 ba ta buɗe shi sai ka sayi wata manhaja daban. Mac kuwa Apple bai taɓa sa mata wannan na'ura ba ma. Ga kuma rabon yanki da ake yi wa faifan da na'urarsa: Afirka da Turai yankin B ne, Amurka yankin A, faifan can yana iya ƙin yi a nan.

Fayil ɗin MP4 ko MKV ba ruwansa da wannan. Sai dai in a filashi za ka zuba fim ɗin, ka yi masa fomat da tsarin exFAT, don tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya haura giga 4, tsarin NTFS kuma Mac karantawa kawai take yi, ba ta iya zuba fayil a kai.

Inda dabarar ke gazawa: tsohuwar laftof in ta haɗu da fim ɗin da aka matse da tsarin H.265, hoto ya riƙa sarƙewa, fanka na kuka, ga zafin Maris. Nemi mai tsarin H.264. Mai babbar talabijin kuma, gaskiya faifan giga 25 ya fi kyan hoto, kuma ba ya cin data.