Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Waya da Kwamfuta a Karatun Yara

A gidaje da yawa, wayar da uwa take karɓar ciniki da ita da rana ita ce take komawa hannun yara da daddare, ko dai saboda malamin aji ya turo aikin gida ta zauren WhatsApp, ko kuma saboda akwai darasin lissafi da bai zauna ba a makaranta, ana so a sake kallonsa. Wannan ci gaba ne na gaske, domin yaron da zai iya maimaita bayani sau biyar, babu mai tsawata masa, ya samu damar da iyayensa ba su samu ba. Sai dai iyaye da dama suna sayen data wata bayan wata, sakamakon ƙarshen zango ya fito, su tarar babu abin da ya sauya. Galibi matsalar tana cikin yadda aka tsara amfani da na'urar a gida, kuma yawancin gyare-gyaren ba sa cin ko sisi.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa da an sayi na'ura an gama aiki. Gwamnatoci ma sun faɗa wannan rami. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wanda aka kafa a 2005 da burin kowane yaro ya mallaki tasa, amma da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon awonsu a 2012, ba su ga wani ƙari a makin lissafi ko na harshe ba, duk da cewa yaran sun saba da kwamfutar sosai. Rahoton da OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar a 2015 ya nuna cewa ɗaliban da suka cika amfani da kwamfuta a makaranta sun kasa masu amfani da ita daidai wa daida. Abin da gida mai waya ɗaya zai ɗauka daga nan shi ne kada a miƙa wa yaro na'ura a ce masa kawai ya je ya yi karatu. A zauna da shi tukuna a tsayar da wane fanni ne, wane babi ne, minti nawa zai ɗauka, da kuma abin da zai nuna a littafin rubutunsa idan ya gama. Ko uban da bai yi boko ba zai iya wannan, domin ba sai ya san amsa ba kafin ya gane ko shafi ya cika ko yana nan fari fat.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa kuwa shi ne wanda daga nesa yake kama da ƙwazo. Yarinya 'yar aji biyar ta zauna tsit tana kallon bidiyon da ake koyar da lissafin kaso, irin su rabi da sulusi da rubu'i. Malamin cikin bidiyon yana tara 3/4 da 1/6: ya nemo 12 a matsayin lambar da 4 da 6 duk suke shiga cikinta, ya mayar da su 9/12 da 2/12, ya samu 11/12. Ita kuwa tana gyaɗa kai, domin kowane mataki ya yi mata daidai a lokacin da take ganinsa. A kashe wayar a ce ta tara 2/3 da 1/5, sai ka ga ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta 3/8, alhali amsar 13/15 ce. Ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta gane. Bin wani da ido yana warware abu daban ne da warware shi da hannunka, kuma bidiyo mai kyau yana iya ɓoye wannan tazara fiye da malamin da ke tsaye gaban allo, wanda zai iya kiran ɗaliba ta fito ta gwada.

Tun a 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Masu hadda sun daɗe da sanin haka a aikace: ɗalibin tsangaya ba ya cewa ya haddace don ya kalli allonsa sau goma, sai ya kifa shi ya karanto da ka, gobe ya sake, sannan ya ci gaba da kawo shi a tilawa. Haka ya kamata a yi da bidiyo. Idan malamin ya rubuta tambaya, a tsayar da bidiyon, a kifa wayar, yaro ya gwada a takarda, sannan a buɗe a gwama. Bayan kwana biyu ya sake warware makamanciyarta ba tare da kallo ba. Ga manyan ɗalibai akwai manhajoji irin su Anki da suke dawo da tambaya a daidai lokacin da ake gab da manta ta, amma kwalin da aka yayyanka aka rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, yana yin aiki makamancin wannan ba tare da caji ba.

Wasu iyayen kuma suna cika waya da manhajoji goma sha, duk wadda aka tallata sai an sauke, yaro ya yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan bai kammala ko ɗaya ba. Ɗaya ko biyu sun isa, muddin sun dace da manhajar karatun makarantarsa da kuma harshen da yake ji. Khan Academy kyauta ce kuma tana da inganci a lissafi da kimiyya, amma jerin darussanta da Turancinta na Amurka ne, don haka ɗan aji biyu da bai gama kama Turancin malaminsa ba zai sha wuya da ita. Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, an gina ta ne a kan manhajar karatun Najeriya, kyauta ce, kuma tana da darussa da Hausa. Akwai kuma na kuɗi irin su uLesson, masu shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Kowace za a zaɓa, a roƙi malamin aji ya ba da jerin batutuwan zangon, domin abin da yaro ke kallo a gida ya tafi kafaɗa da kafaɗa da abin da ake yi a aji. A kuma yi hattara da manhajojin da ake cewa kyauta ne amma cike suke da tallace-tallace, har da na caca, waɗanda ba su dace da idon yaro ba.

Sai batun ɗauke hankali, wanda ya fi tsanani idan wayar ta babban mutum ce. Yaro yana tsakiyar darasi saƙon abokan hulɗar mahaifinsa ya faɗo a saman allo, bayansa bidiyon biki, bayansa kira. Rahoton ilimi na UNESCO na 2023 ya yi gargaɗi cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kaɗai tana iya raba masa hankali, kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya dawo kan aikinsa bayan an katse shi. Faransa ma tun 2018 ta hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗan shekara tara nauyin yin haƙurin da manya da yawa ba su iya ba. Gyaran yana cikin wayar kanta. A sauke darasin tun da wuri lokacin da ake da data, sannan a sa wayar a yanayin jirgin sama kafin a miƙa ta. Wayoyin Android suna da tsarin kafe manhaja ɗaya a allo ta yadda ba a fita daga cikinta sai da lambar sirri, iPhone ma tana da irinsa, kuma Google Family Link yana bai wa iyaye damar ƙayyade lokaci da zaɓar abin da za a buɗe. Duk wannan ba zai yi amfani ba idan lambar sirrin shekarar haihuwar yaron ce, ko kuma a gabansa ake danna ta kullum.

A ɓangaren tsara al'amuran makaranta, zauren WhatsApp na aji shi ne abin da ya fi taimako kuma ya fi lalacewa. Malama ta turo aikin gida da ƙarfe biyu, kafin magariba gaisuwar Juma'a da sanarwar suna da tallan atamfa sun binne shi, washegari rabin aji su zo hannu rabbana. Ya kamata makaranta ta ware zauren da shugabanninsa kaɗai ke iya rubutu a ciki don sanarwa da aikin gida, a bar hira a wani daban, iyaye kuma su riƙa sa wa saƙon aiki alamar tauraro da zarar ya shigo. Amma akwai kuskure mafi zurfi a nan, wato uwa ta zama ita ce ƙwaƙwalwar yaro: ita ke karanta saƙo, ita ke tunawa, ita ke shirya jaka, har ya kai sakandare bai taɓa riƙe ranar miƙa aiki da kansa ba. Manufar kayan tsari ita ce yaro ya koyi tsara kansa. Saboda haka shi ne zai kwafe aikin daga waya zuwa littafinsa da hannunsa, shi ne zai shigar da ranar gwaji a kalanda idan ya kai shekarun haka, kuma shi ne zai duba jadawalin gobe ya shirya jaka kafin ya kwanta.

Jadawalin da ake yi a manhaja yakan rushe cikin mako ɗaya saboda an tsara shi kamar boko ne kaɗai ke cikin rayuwar yaro. Dole a fara da abubuwan da ba sa motsi: lokutan salla, Islamiyya, aike da aikin cikin gida, sannan a nemo minti 30 ko 40 na karatu a inda yaro bai gaji liƙis ba. Ƙararrawa biyu a rana sun fi goma, domin wadda ta yawaita kunne yakan daina jin ta. Kuma tunda wuta ba ta da tabbas, wayar ma tana iya fita unguwa tare da mai ita, a manna kwafin jadawalin a bango. Haka nan a daina ɗora hoton sakamakon yaro a kafafen sada zumunta da cikakken sunansa da ajinsa da sunan makarantarsa, domin ba duk mai gani ne mai fatan alheri ba.

Tun da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, ya fito a ƙarshen 2022, kwafe ya samu sabuwar ƙofa. Ɗalibi ya ɗauki hoton tambaya, amsa ta fito a tsare, ya juye ta a littafi, malami ya ba shi maki cikakke, ranar jarrabawa asiri ya tonu. Hana shi gaba ɗaya da wuya ya yiwu ga ɗan sakandare, don haka ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce ya fara gwadawa da kansa, sannan ya nemi a bayyana masa matakin da ya cije, ya kuma duba amsar a littafin makaranta, domin waɗannan manhajoji suna yin kuskure da cikakkiyar gadara, musamman a Hausa da tarihin gida da nassoshin addini, inda sukan ƙirƙiro abin da babu shi. Gwaji mafi sauƙi ga iyaye shi ne a rufe littafi a ce yaro ya bayyana da baki, da Hausa, abin da ya rubuta.

Barci ma yana cikin karatu. Masana sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, da awa 8 zuwa 10 ga matasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada zaman kallon allo ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4. Yaron da zai tashi da asuba bai kamata ya kwana da waya a ƙarƙashin matashi ba. A ɗakin iyaye za ta kwana tana caji.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya ɓarin, su hana yaro taɓa kowace na'ura har ya gama sakandare, kuma 'yan mata ne wannan ya fi faɗa wa, a gidajen da ake bai wa yayyensu maza waya ba tare da tambaya ba. Tsoron yana da dalili, amma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, kuma yarinyar da ta san amsa amma hannunta ke rawa a kan linzamin kwamfuta za ta ɓata mintunan da ba za su dawo ba. Iya shafa allon waya ma bai wadatar ba, domin zauren jarrabawa madannai ne da linzami. Tun daga ajin farko na babbar sakandare a riƙa kai ɗalibi, mace ko namiji, ɗakin kwamfutar makaranta ko wani shago amintacce tare da rakiyar babba, ya saba da zaɓar amsa da harufan A zuwa D, da matsawa gaba da N, da komawa baya da P, ya kuma yi gwaji da agogo yana tafiya. Idan lokacin rajista ya zo, a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta ainihi, domin ya zauna a irin wannan kujera sau ɗaya kafin ranar da makinsa zai shiga lissafi.