Yogot ɗaya, abin sha na ƙasashe uku

Jama'a, idan zafi ya matsa, ku rage sayen lemon kwalba. Ku nemi kindirmo ko yogot mara sukari, ku tsinka shi da ruwan sanyi.

Turkawa suna kiransa ayran: yogot, ruwa, ɗan gishiri, shi ke nan. A Iran ana ƙara busasshiyar na'a-na'a, a ce masa dug, wasu har da ruwa mai gas suke yi. Indiyawa kuma lassi ne nasu, ko da gishiri ko da sukari da mangwaro. Ni dai na gishirin na fi so, mai zaƙin sai ya bar ni ina neman ruwa.

Inda dabarar take: ku fara burga yogot ɗin shi kaɗai har ya yi sumul, sannan ku riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. In kun juye ruwan gaba ɗaya, gudaji zai yi. Ku fara da kofi ɗaya na yogot, ɗaya na ruwa, in ya yi kauri ku ƙara.

Gishirin ba don ɗanɗano kawai ba ne. Gumi yana fitar da gishiri daga jiki, wannan yana mayar da shi tare da ruwan.

Amma fa kada ku sa gishiri a yogot mai zaƙi ko mai ƙamshin 'ya'yan itace, ba zai shawu ba. Mai hawan jini ya rage gishirin sosai. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya gwada kaɗan tukuna.

In ya jima a firij ruwa zai taso sama. Bai lalace ba, girgiza shi kawai za ku yi.