Filin ƙungiya da harajinsa: kurakuran da ke jefa ƙananan ƙungiyoyi cikin rigima

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai a zauren WhatsApp ta fara, da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya. Daga baya muka shiga karo-karo, muka sayi fili a bayan gari, muka kewaye shi, muka gina aji biyu na koyar da marayu ɗinki da shago uku ta bakin titi. Ranar da aka liƙa mana takardar neman biyan haraji a jikin ƙofa, ma'aji ya ɗauki hotonta ya turo zaure, kafin la'asar saƙo ya haura ɗari. Kusan kowa abu ɗaya yake faɗa: "Ai mu ba riba muke nema ba, wane irin haraji kuma?"

Wannan maganar ita ce uwar kurakuran, sauran duk 'ya'yanta ne. Sassaucin da doka ta yi wa ƙungiyoyin addini da na taimako da na ilimi ya shafi harajin kuɗin shiga ne, wato gudummawa da kuɗin kati da makamantansu. Ƙasa kuwa lissafinta daban. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, wanda ya samu takardar C of O, wato shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, haƙƙin zama aka ba shi, galibi na shekara 99, kuma a jikin takardar an rubuta kuɗin ƙasa da zai riƙa biya duk shekara. Fili bai san ko mai shi ɗan kasuwa ne ko mai kula da marayu ba. Idan akwai rangwame, dokar jiharku ce za ta faɗa, kuma sai kun rubuta kun nema, an amsa muku a rubuce. A Legas, alal misali, dokar harajin filaye ta cire wurin ibada da maƙabarta, amma da sharaɗin ana amfani da wurin don wannan aikin kawai. Kowace jiha da nata tsarin, don haka kada ku ɗauki hukuncin da wani ɗan zaure mazaunin Legas ya kawo ku ɗora wa filinku na Zariya. Ku ɗauki fayil ku je ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ku tambayi abin da ake bin filin.

Na biyu ya fi ciwo, kuma mu ma mun faɗa ciki: rubuta filin da sunan mutum ɗaya. Lokacin saye ba mu da rajista, sai aka ce a sa sunan shugaba, dattijo ne, mai amana. Amanarsa ba a taɓa shakkarta ba, kuma har yau ba a shakka. Amma zauren WhatsApp ba mutum ba ne a idon doka, ba ya mallakar ko da taku ɗaya na ƙasa. Takardar haraji da sunan dattijon take zuwa, bashin a wuyansa yake, kuma da rai ya yi halinsa, magada za su tarar da fili da sunan mahaifinsu, ba wanda zai ga laifinsu idan sun sa shi cikin gado. Hoton tsofaffin saƙonnin zaure ba zai tsaya muku a gaban alƙali yadda takarda za ta tsaya ba. Haka kuma ba yadda za a yi ku nemi rangwamen ƙungiyar taimako a kan filin da takardarsa ke cewa na Alhaji wane ne.

Gyaran a bayyane yake, sai dai yana cin lokaci da kuɗi. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattun ƙungiya, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Da satifiket ya fito, ƙungiya ta zama mai iya mallaka da sunanta. Sai lauya ya rubuta takardar mayar da filin daga sunan mutumin zuwa sunan amintattu, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya shar'anta. Takardar dagaci ko mai unguwa da shaidu uku tana da amfaninta wajen nuna an yi ciniki, amma ba ta maye gurbin wannan. Ku yi shi tun mai sunan yana raye, ana ga-maciji da kowa. Mu sai da muka yi wata bakwai muna zarya, shugaban da kansa yake riƙe fayil ɗin a cikin leda yana cewa, "Ku raba ni da wannan kaya kafin in tafi."

Akwai masu biyan haraji guda ɗaya su ɗauka sun gama. Kuɗin ƙasa na jiha ne. Harajin gini kuwa, kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ƙididdige gine-gine domin karɓarsa cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ko da yake wasu jihohin sun haɗe su a takarda guda. Ku tambaya ko naku a haɗe yake. Kuma duk wanda ya zo da riga mai tambari yana neman kuɗi a hannu, a ce masa ya kawo takarda, za a biya ta banki.

Shagunan nan uku su ne suka fi ba mu mamaki. Mun ɗauka tunda kuɗin hayar ga marayu yake tafiya, shi ma sadaka ne. Doka ba inda kuɗin ya tafi kawai take dubawa ba, tana duba inda ya fito. Sassaucin bai rufe abin da aka samu ta hanyar kasuwanci ba, kuma sashen ginin da aka ba mai sayar da siminti haya ya fita daga sahun wurin taimako. Ku ware lissafin haya daban da na gudummawa, ku mallaki lambar haraji, ku riƙa miƙa bayanan shekara ko da ba a bin ku ko kwabo. Hukumar tara haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS daga Janairun 2026, bayan sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, saboda haka shawarar da wani akanta ya ba ku shekara biyar da suka wuce tana buƙatar a sake dubata. Ita ma CAC tana jiran rahotonku duk shekara, tsakanin ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba.

Sai masu cewa, "Bar su kawai, gwamnati mantawa take yi." A Maris na 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan kuɗin ƙasa na sama da shekara goma, har aka garƙame hedikwatar jam'iyyar PDP a watan Mayu. Wanda bai ƙyale jam'iyyar da ta yi shekara 16 tana mulki ba, ban ga dalilin da zai sa ya ji nauyin ajin ɗinki biyu ba. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba da damar soke haƙƙin wanda ya saɓa sharuɗɗan takardarsa.

Rasit kuma kada ya kwana a wayar mutum ɗaya. Namu na shekara biyu sun tafi tare da wayar tsohon ma'aji da aka sace a tasha, sai da muka je banki aka buga mana bayanan asusu kafin jami'in ya yarda mun biya. Yanzu asali yana cikin fayil a wurin sakatare, kwafi a wurin lauya, hoto a imel ɗin ƙungiya, kuma kuɗin ƙasa shi ne layin farko a kasafin watan Janairu, kafin kuɗin allura da zare.